Tambayoyi da amsoshi kan addu'a: tsoron Allah da sakin jiki a gabansa

Salama 'yan'uwa. Na ɗan jima ina koyar da ajin masu shirin baftisma da na matasa a ikkilisiyarmu nan Maradi, kuma akwai tambayoyi kan addu'a da ba sa ƙarewa, wannan aji ya yi su ya wuce, na bayansa ya zo ya sake yinsu kamar sun haɗa baki, wasu a gaban jama'a, wasu kuma sai an tashi sujada su biyo ni bakin ƙofa su tambaya ƙasa-ƙasa. Kusan dukansu wuri ɗaya suke zagayawa, wato Allah Sarki ne da za a ji tsoronsa ko Uba ne da za a saki jiki da shi. Na tara su nan da amsar da nake bayarwa, kowa ya buɗe Littafinsa ya duba ayoyin da kansa.

Wai addu'a roƙo ce kawai, ko hira ce da Allah?

Akwai roƙo a ciki, amma ba shi kaɗai ba. Akwai yabo, akwai godiya, akwai furta zunubi, akwai kuka, akwai kuma zama shiru. Ka duba addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa a Matiyu 6:9-13, kafin a kai ga abincin yini an riga an yi maganar sunan Allah da mulkinsa da nufinsa. Kalmomin farko ma sun ɗauki dukan abin da muke tattaunawa a nan: "Ubanmu", ga kusanci, "wanda ke cikin sama", ga girma. A numfashi ɗaya ake faɗinsu.

Kalmar hira ba ta dame ni ba muddin mun san da wa muke hirar. Fitowa 33:11 ta ce Ubangiji yakan yi magana da Musa fuska da fuska kamar yadda mutum ke yi da abokinsa, amma a sura ɗin nan dai, aya ta 20, Allah ya ce masa ba ka iya ganin fuskata ka rayu. Aya tara ce kawai tsakaninsu.

In Allah mai tsarki ne haka, ni da wace fuska zan zo gabansa?

Wannan tambayar ta fi sauran muhimmanci, in ka gane ta sauran za su zo da sauƙi. A tsohon alkawari Wuri Mafi Tsarki yana bayan labule, babban firist kaɗai ke shiga, sau ɗaya a shekara, kuma ba ya shiga sai da jinin hadaya, karanta Littafin Firistoci sura 16. Da Yesu ya mutu kan giciye labulen Haikali ya tsage gida biyu daga sama har ƙasa (Markus 15:38). Shi ya sa Ibraniyawa 4:16 ke cewa mu matso kursiyin alheri gaba gaɗi. Amma wasiƙar nan dai ita ce ta ce a 12:28-29 mu yi wa Allah sujada da ladabi da tsoro don Allahnmu wuta ne mai cinyewa. Tsarkin Allah bai ragu ba ko kaɗan, ƙofa ce aka buɗe mana, kuma da tsada aka buɗe ta.

Yadda nake kwatanta wa yara shi ne gidan sarki, ko nan fadar Katsinan Maradi ko ta Gobir a Tsibiri. Baƙo komi kuɗinsa iyakarsa zaure, ya cire takalmi ya jira a yi masa iso. Ɗan sarki kuwa ba ya neman iso, wucewa yake har cikin gida ko da tsakar dare ne, da ƙura a ƙafarsa. Amma fa in ya iske ubansa durƙusawa yake ya gaida shi, kuma shi ne ya fi baƙon nan sanin girman sarki don ya gan shi kusa, ya ga yadda yake yanke hukunci, ya ga yadda manya ke zubewa gabansa. Mu Kirista matsayin ɗan gida aka ba mu cikin Almasihu, ba don halinmu ba. To fuskar da za ka zo da ita ke nan.

Karin Magana ta ce tsoron Ubangiji mafarin hikima, Yahaya kuma ya ce ƙauna na korar tsoro. Wanne za mu bi?

Duka biyun, don ba tsoro iri ɗaya suke nufi ba. Ayar da ta warware mini wannan ita ce Fitowa 20:20. Mutane sun ga tsawa da walƙiya da hayaƙi a dutsen Sina'i sun ja da baya suna rawar jiki, sai Musa ya ce musu kada ku ji tsoro, Allah ya zo ne ya gwada ku don tsoronsa ya kasance a gabanku kada ku yi zunubi. Kada ku ji tsoro, don ku ji tsoro, a aya guda! Na farko tsoron da ke sa mutum gudu ne, irin na Adamu da ya ɓuya cikin itatuwa. Na biyu shi ke riƙe mutum kusa ya hana shi wasa da abin da ba na wasa ba.

Wanda 1 Yahaya 4:18 ke cewa ƙauna na kora shi ne tsoron hukunci, ayar da kanta ta faɗi haka. Shi wannan Yahaya da ya jingina a ƙirjin Yesu wajen jibin ƙarshe, da ya gan shi cikin ɗaukakarsa a tsibirin Batmusa faɗuwa ya yi a ƙafafunsa kamar matacce, Yesu kuwa ya ɗora masa hannun dama ya ce kada ka ji tsoro (Wahayi 1:17). Babu wanda ya fi shi kusanci, kuma ga shi ƙasa warwas.

Mene ne ma'anar Abba? An ce mana kamar yaro ne ke gwaranci yana kiran babansa.

Abba kalmar Aramiyanci ce, harshen da Yesu ya tashi da shi, ma'anarta uba. Sau ukku kawai ta fito a Sabon Alkawari: Markus 14:36, Romawa 8:15 da Galatiyawa 4:6. Maganar gwarancin jariri ta yaɗu ne daga aikin wani masani Bajamushe, Yowakim Jeremiyas, daga baya a 1988 wani masanin mai suna Jemis Bar ya nuna cewa manya ma da ita suke kiran ubanninsu. Wato kalmar cikin gida ce, yaro na faɗinta, magidanci mai furfura ma na faɗinta.

Mu Hausawa ba ma buƙatar dogon bayani a nan don muna da Abba da Baba a bakinmu. Ɗan shekara biyu na cewa Baba yana hawa cinya, ɗan shekara hamsin na cewa Baba yana durƙushe kansa a ƙasa, kalma ɗaya ce. Kuma ku lura da inda Yesu ya faɗe ta, ba wajen biki ba ne, a Gatsemani ne cikin dare, ya faɗi ƙasa, yana roƙo a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya ƙare da ba nufina ba sai naka. Duk wanda zai ce Abba ya shirya faɗin wannan ƙarshen ma.

Sabo ba ya kawo raini? Ina jin wasu na yi wa Allah magana kamar abokin wasansu.

Yana iya kawowa, Hausawa ma sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Allah da kansa ya yi wannan ƙorafin a Malakai 1:6, in ni uba ne ina girmana? kuma da firistoci yake, mutanen da kullum suna bakin bagade, har suka fara kawo makauniyar dabba da gurguwa. Allah ba taubashinmu ba ne, ba kuma kakanmu ba ne da za mu ja masa gemu.

Amma ku yi hankali wajen yanke wa mutane hukunci da kunne, don ba a kalma ake gane raini ba. Na san wata tsohuwa a zumuntar mata, in tana addu'a sai ka ji tana cewa "Baba ka ga dai yadda nake, ka ga yaran nan", ba wata kalma mai nauyi, amma ban taɓa ganin mai tsoron Allah kamarta ba, ko ƙwayar gero ta wani ba ta ci. Akwai kuma mai jero sunayen Allah goma sha biyu da murya mai daɗi ya hita ya cuci ɗan aikinsa. Alamun raini da na sani su ne: yin addu'a kana latsa waya, faɗa wa Allah abin da ba ka nufi, yi masa alkawari lokacin matsi ka manta in ya wuce, da mai da addu'a hanyar yi wa wani habaici a gaban jama'a. Wannan na ƙarshen yana mini ciwo ƙwarai, don sunan Allah aka ɗauka aka jefi ɗan'uwa da shi.

Dole ne in durƙusa in rufe ido? In na yi a kwance ko kan kabu-kabu Allah zai ji?

Zai ji. Littafi bai kafa tsayuwa ɗaya ba. Sulemanu ya durƙusa ya miƙa hannuwa sama ran keɓe Haikali (1 Sarakuna 8:54), Dauda ya shiga ya zauna gaban Ubangiji (2 Sama'ila 7:18), Daniyel na durƙusawa sau ukku a yini, Yesu ya ɗaga ido sama a Yahaya 17:1, a Gatsemani kuma ya faɗi rubda ciki. Nehemiya ya yi tasa a tsaye yana bakin aiki gaban sarkin Farisa, tsakanin tambayar sarki da amsarsa. Har ma babban taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a garin Nikiya a shekara ta 325 ya tsai da cewa ran Lahadi da kwanakin da ke tsakanin Ista da Fentikos a tsaye za a yi addu'a, ba a durƙushe ba. Rufe ido kuwa dabara ce mai kyau ta tattara hankali, ba doka ba ce, kuma in kai ke tuƙa babur don Allah ka bar idonka buɗe.

Sai dai kada a ce tunda zuciya Allah ke dubawa jiki ba ruwansa. Mu da muka tashi ana koya mana durƙusa wa manya mun san gwiwa na koya wa zuciya ladabi. Shawarata ita ce a samu lokaci ɗaya a yini, in lafiya ta yarda, da za a kai gwiwa ƙasa, sauran yinin kuma a yi ta magana da shi a gona, a kasuwa, wajen daka, a layin famfo. Marar lafiya da ke kwance a asibitin Danja ko na Galmi kuwa, gadonsa ya ishe shi.

Ihu cikin addu'a ƙarfin bangaskiya ne ko rashin ladabi? Shiru kuma fa?

Wannan ta raba kan matasa da dattawa a majami'u da yawa, ni kuma ba na goyon bayan kowane ɓangare ɗari bisa ɗari. Ibraniyawa 5:7 ta ce Yesu ya yi addu'a da kuka mai ƙarfi da hawaye, aka kuwa saurare shi saboda tsoron Allah da yake da shi. To ƙara da ladabi na iya zama tare. Hannatu kuma a 1 Sama'ila 1 leɓunanta kawai ke motsi ba a jin murya, har Eli firist ya ɗauka ta bugu, ita ma an amsa mata. Ihun da Littafi ya ƙi shi ne na annabawan Ba'al a dutsen Karmel, tun safe har yamma suna kururuwa suna tsaga jikinsu don suna ganin sai an tada allahnsu, Iliya kuwa ya yi gajeriyar addu'a wuta ta sauko.

Tambayi kanka dalilin ɗaga muryar. In zuciya ce ta cika ta tumbatso, to madalla. In kuwa kana jin sai ka yi ƙara Allah zai motsa, ko don a ce wane akwai shafewa, ka koma ka karanta Matiyu 6:5-8. Abin da na fi jin tsoro shi ne yadda wasu ke ba Allah umarni, "ina umartarka ka yi kaza yanzu-yanzu", har da ba shi wa'adin kwana bakwai. Ɗan'uwa, wa ke aiken wa? Ko Yesu bai yi wa Uba magana haka ba, dubi amsar Abba a sama. Sannan in ana kwanan addu'a da lasifika a tuna da maƙwabta, akwai jarirai da marasa lafiya bayan katanga.

Zan iya gaya wa Allah cewa raina ya ɓaci, ko in tambaye shi don me?

Kana iyawa, kuma shi ya ba ka kalmomin. Cikin Zabura 150 da muke da su, kaso mai yawa kuka ne. Zabura 13 ta tambayi "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu na farko. Zabura 22 ta fara da ya Allahna don me ka yashe ni, Yesu ya ɗauke ta a bakinsa kan giciye. Zabura 88 ma ba ta ƙare da yabo ba sam, da duhu ta ƙare, kuma an bar ta cikin Littafi. Mu nan an horar da mu da haƙuri da kunya, uwa ta rasa ɗa a ce mata haƙuri, ta haɗiye, ta zo majami'a ta ce mun gode Allah alhali cikinta na ƙuna. Haƙuri abu ne mai kyau, amma 'yar'uwa, Zabura 62:8 ta ce ki zuba zuciyarki a gabansa, ba ta ce ki tace ta tukuna ba.

Bambancin kuka da gunaguni shi ne inda fuska ke kallo. Isra'ilawa a jeji sun yi maganar Allah a bayan idonsa, suna cewa gara Masar. Ayuba kuwa shi da Allah yake, ya faɗi maganganu masu zafi amma bai saki ba, kuma a ƙarshe abokansa masu tsararrun kalmomi ne Allah ya tsawata wa (Ayuba 42:7). Ina son labarin Ibrahim a Farawa 18 ƙwarai, yadda ya yi ta neman ragi kan Saduma kamar mai ciniki ran Litinin a babbar kasuwa, daga 50 ya sauko 45, 40, 30, 20 har 10, amma a tsakiya yana cewa ni da nake ƙura da toka, yana cewa kada Ubangiji ya yi fushi in ƙara magana. Bai daina roƙo ba, bai kuma manta ko shi wane ne ba.

Ba ƙaramin abu ba ne in dami Allah da maganar kuɗin lakwal ko akuyata da ta ɓace?

Wanda ya ce a roƙi abincin yini ya san da tiyar gero da kuɗin lakwal da jaka biyar ɗin magani. Ya ce ko gashin kanmu a ƙidaye yake. Baƙo ne ke jin kunyar roƙon gishiri, ɗan gida ba ya ji. Ka roƙa, in an samu ka dawo ka yi godiya, kada ka zama cikin kutare tara da suka warke suka wuce.

In na faɗi cikin zunubi ina jin kunyar yin addu'a. In jira sai na gyara?

A'a, kada ka jira ko kwana ɗaya. Wannan kunyar kama take da ladabi amma ba shi ba ne, irin tsoron Adamu ne da muka yi maganarsa a amsar tsoro iri biyu. Wa zai gyara ka in ka guje wa mai gyaran? A Luka 18 mai karɓar haraji ya tsaya nesa, bai ko ɗaga ido sama ba, yana bugun ƙirji yana cewa ya Allah ka ji tausayina ni mai zunubi, shi ne ya koma gida baratacce, ba Bafarisiyen da ya jero azuminsa da zakkarsa ba. Ɗan nan da ya lalatar da gādonsa a Luka 15 ya shirya jawabin neman aikin barantaka, uban ya hango shi tun daga nesa ya sheƙa a guje, bai ma bar shi ya kai ƙarshen jawabin ba. Ku yi tunanin dattijon gari ya tattare babbar riga yana gudu a kan titi, abin kunya ne a wurinmu, a wurinsu ma haka.

Amma ka zo da gaskiya, ka kira zunubin da sunansa, ba "in akwai inda na yi kuskure" ba. In kuma haƙƙin wani ne a hannunka, Matiyu 5:23-24 ta ce ka bar baikonka gaban bagade ka tahi ku shirya tukuna. Magidanta su karanta 1 Bitrus 3:7, inda aka ce yadda ka riƙe matarka na iya tare addu'arka.

Ubana mai zafi ne, ban taɓa sakewa da shi ba. Kalmar Uba ba ta mini daɗi a addu'a, ya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ake yi mini a bakin ƙofa, ba a cikin aji ba, kuma ba na gaggawar amsa ta. Da yawanmu mun tashi a gidan da in uba ya yi gyaran murya a zaure kowa sai ya nutsu, ba a cin abinci da shi, ba a haɗa ido da shi, ɗan fari ma ko sunansa ba a kira saboda kunya. Wasu iyayen suna da ƙauna amma al'ada ta hana su nunawa, wasu kuwa gaskiya sun cutar, duka da zagi da watsarwa. In kai na biyun ne, ba laifinka ba ne kalmar ta yi maka nauyi, kuma Allah ba ya fushi da kai don haka.

Abin da zan ce shi ne kada ka auna Allah da ubanka, ka duba Yesu, shi ya ce wanda ya gan ni ya ga Uban (Yahaya 14:9). Ka bi Bishara sannu a hankali ka ga yadda ya taɓa kuturu, yadda ya ɗauki yara a hannu lokacin da almajirai ke korarsu, yadda ya ce wa matar nan mai zubar jini shekara 12 "'yata". Kafin kalmar Uba ta warke a bakinka kana iya kiransa Makiyayi ko Mafaka ko Ubangijina, duk suna cikin Zabura. Zabura 27:10 ta ce ko uwa da uba sun yashe ni Ubangiji zai ɗauke ni, Ishaya 66:13 kuma ta kwatanta ta'aziyyarsa da ta uwa. Na ga mutanen da suka ɗauki shekaru kafin su iya cewa Uba da dukan zuciya, ranar da suka faɗa kuwa kuka suka yi. Mu iyaye maza kuma wannan tambayar ta kamata ta hana mu barci, don a fuskarmu yaranmu ke fara karanta kalmar.

Maƙwabcina Musulmi ya ce kiran Allah Uba rashin girmamawa ne. Me zan ce masa?

Da farko ka saurare shi da mutunci, don kishin girman Allah ne ya sa shi magana, kuma wannan kishin muna da shi mu ma. Ka bayyana masa cewa ba haihuwa ta jiki muke nufi ba, Allah ba shi da mata, mu ma mun ƙi wannan tunanin. Muna kiransa Uba ne don Yesu ya koya mana haka, kuma don mun gaskata an karɓe mu cikin gida ta wurinsa, kamar yadda na faɗa a amsar labule. Ba lalle ya yarda ba, kai ma ba gardama aka aike ka ba, 1 Bitrus 3:15-16 ta ce a ba da amsa da tawali'u da ladabi.

Zan ƙara da abin da ke raina. A garin nan muna gani kullum, ana kiran salla mutum ya bar shagonsa da ciniki a hannu ya tahi, da asuba cikin sanyin hunturu ya taɓa ruwa. In shi yana haka, ni kuma da nake cewa an buɗe mini ƙofa dare da rana ba na iya ba Allah minti goma ba tare da waya a hannu ba, to maganata a kunnensa ba za ta yi nauyi ba.

Wanne ya fi, addu'ar da aka haddace ko wadda ta fito daga zuciya? Kuma da wane harshe?

Kowacce na da ramin da ake faɗawa. Haddatacciya na iya zama karatun aku, ta baka kuma na iya zama surutu, "Uba Ubangiji, Uba Ubangiji" sau talatin don cike gurbi. Mai Hadishi 5:2 ya ce Allah na sama kai kana ƙasa, saboda haka maganarka ta zama kaɗan. Kiristocin farko ba su ga laifin haddacewa ba, wani tsohon rubutu da ake kira Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na 1, ya ce a yi Addu'ar Ubangiji sau ukku a yini. Martin Luta, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, a ƙaramin katakizim ɗinsa na 1529, wato littafin koyar da bangaskiya, ya bayyana "Ubanmu" da cewa Allah na jawo mu ne mu roƙe shi gaba gaɗi kamar yadda 'ya'ya ƙaunatattu ke roƙon ubansu. 'Yan'uwanmu Katolika kuma kafin su faɗi addu'ar nan a sujadarsu ta Mas, firist kan gabatar da ita da cewa mun yi ƙarfin halin cewa Ubanmu. Ina son wannan kalmar, don tana tuna mana cewa ba abin banza ba ne a bakinmu.

Ni yadda nake yi, nakan ɗauki Addu'ar Ubangiji layi-layi, in faɗi layi ɗaya in tsaya in cika shi da nawa kalmomin. Wajen abincin yini in ambaci rumbu da damina, wajen gafara in ambaci sunan wanda nake riƙe da shi a zuci. Batun harshe kuwa, tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kakanninmu da shi suka yi addu'a. In Faransanci ya fi zauna maka babu laifi, amma in kana yinsa ne don kana ganin ya fi Hausa daraja a kunnen Allah, ka koma harshen da kake kuka da shi.

Ina yin addu'a amma ba na jin komi, kamar da bango nake magana. Na rasa kusancin ke nan?

Ba ka rasa ba. Kusancin nan a kan aikin Almasihu yake tsaye, ba a kan abin da kake ji ran Talata da safe ba. Ɗan gida ɗan gida ne ko ranar da bai ji ɗumin gida ba. Romawa 8:26 ta ce ba mu ma san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne ke roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Bulus ya roƙa sau ukku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherina ya ishe ka.

Ka dai bincika abubuwa biyu ukku. Ko akwai zunubin da kake ɓoyewa ko wanda ka ƙi yafe wa, in akwai koma amsar zunubi a sama. Ko gajiya ce kawai, don mutumin da ya wuni cikin ranar watan Afrilu ya zo sha ɗayan dare zai yi addu'a barci zai yi, Iliya ma da ya karai abinci da barci aka fara ba shi kafin a yi masa magana. In ba ko ɗaya, ka ci gaba a bushen, ka canza lokaci zuwa asuba kafin gida ya tashi, ka bar waya a wani ɗaki, ka karanta Zabura ɗaya da murya a hankali, 131 gajeriya ce, aya ukku, ta yaron da aka yaye yana kwance jikin uwarsa ba ya neman komi. Sannan ka gaya wa wani dattijo ko fasto halin da kake ciki ku riƙa yi tare ko sau ɗaya a sati.